Zama a Gaban Kwanon Malam

Tun ina sakandare nake karanta littattafan soyayya, yanzu kuma a waya nake bin su idan aikin gida ya bar min sauran ƙarfi. A cikinsu, ko daga wane irin gida yarinya ta fito, da an kai ta ɗaki ta iya komai: ta zauna kusa da miji, su ci a kwano ɗaya, har ta ba shi a baki. Ban taɓa tambayar inda ta koya ba sai da muka aurar da 'yata ta biyu.

Ba a daɗe da kai ta gidan mijinta a unguwar Gyallesu ba, wata rana da hantsi ta sauko daga keke a ƙofar gidanmu, ido a kumbure.

"Mama, wai ya ce ba na son sa."

"Subhanallahi! Me kika yi masa?"

"Abinci nake ajiye masa in fita. Su a gidansu uwa da uba da yara faranti ɗaya suke ci. Wai ƙyamarsa nake yi, in haka ne gara in faɗa masa tun da wuri."

"To ki zauna mana. Ba ke ce mai ƙarar min da data a kan littattafan nan ba?"

"Na gwada, Mama. Loma ba ta wucewa, ji nake kamar rashin kunya nake yi. Ke kin taɓa zama?"

Ban taɓa ba. Haka na ga Inna tana yi wa Baba: a durƙusa, a ajiye, a ja labule. Ladabi muke kiransa, ban kuma ga laifinsa ba har yau. Amma auren yarinyar nan ne ke rawa.

Da Malam, mahaifinta, ya dawo daga sallar azahar, na kai masa shinkafa da wake, sai na zauna a bakin tabarma, gwiwoyina suna ƙara. Na san tana leƙe ta bayan labule.

Ya dube ni. "Lafiya? Rasuwa aka yi?"

"Ba komai, zama kawai na yi."

Ya yi loma biyu ya ajiye cokali. "In magana ce ki faɗa, kin hana ni ci."

Ban tashi ba har ya gama, zufa duk ta jiƙa min baya.

Bayan la'asar na raka ta bakin titi. Ba ta ce za ta zauna ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai ce ta dafa masa abin da ita ma take so, Allah Ya daidaita.