Ranar da Muka Kai Inna Teku

Wata Alhamis ce a farkon watan Janairun 2013, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, muka fito daga tashar jirgin ƙasa ta Iskandariyya mu uku, muka yi cirko-cirko a bakin ƙofa muna kallon ikon Allah. Ruwa ake tsugawa kamar da bakin ƙwarya, iska kuwa har lemar mutane take juyewa. Babana yana sanye da farar jallabiya da silifas, ni ina da shekara goma da wata 'yar rigar sanyi, kakata Inna kuma ta damƙe hannuna na dama tana ɗaga hanci sama tana shinshinar iska. Kowa a titin nan ya naɗe cikin baƙar rigar ruwa, mu kaɗai ne muka zo kamar masu zuwa sallar Idi. Inna ta ce, "Maigida, ruwa nake ji ko kunnena ne?" Na ce mata ruwa ne. Sai ta ce, "A watan sanyi? To, Allah mai iko."

A lokacin muna zaune a unguwar Madinat Nasr ta birnin Alƙahira, a hawa na huɗu na wani gini da ɗalibai baƙi suka cika. Baba yana karatun digiri na biyu a jami'ar da ke unguwar Darrasa, kullum da sassafe yake kama mikrobas, wato ƙaramar bas ta haya, da jakar littattafansa, sai magariba mu gan shi. Ni ne ɗan aiken gidan. Ni nake zura kwando da igiya daga baranda mai ful, wato dafaffen wake, ya zuba mana, ni nake bin layin aish, wato burodinsu mai faɗi, in ɗauko shi da zafinsa ina sauya hannu. In an tashi daga makaranta mu yi ta ƙwallo a bakin gini da yaran Misirawa da na Sudan har mai gadi ya fito da tsintsiya. A nan na tsinci Larabcin titi, wanda ya fi na Baba amfani nesa ba kusa ba. Shi Baba Larabcin littafi yake yi tsantsa. Ya taɓa tambayar kuɗin tumatir da irin wannan Larabci, mai tumatir ya saurara har ya gama, sannan ya ce masa "sadaƙallahul azim." Har yau in muna son tsokanarsa wannan muke tuna masa.

Inna mahaifiyar Baba ce. Daga ƙauyenmu na wajen Gumel aka kawo ta saboda ciwon ido, ta iso da ƙullin kuka da daddawa da man shanu a kwalba, gidanmu ya ɗauki ƙamshin gida har maƙwabta suna leƙowa. Idonta na hagu ya riga ya tafi, na dama ne ya rage, shi ma dishi-dishi. Takan ce komai a wurinta kamar ana kallonsa ta cikin tsohon gyale, fari ne kawai take gani sosai. Ba ta faɗin sunan Baba don ɗan fari ne, sai dai "kai wannan." Ni ma ba ta faɗin nawa, don sunan mijinta marigayi aka sa mini, shi ya sa nake Maigida. Tun ranar da ta sauka aikina ya ƙaru: in kai ta banɗaki, in ƙirga mata matakalar bene, in zura mata zare a allura duk da an hana ta ɗinki. Ladana kuwa tsiya ce. "Miji ke nan," in ji ta, "ba cefane, ba zani, sai ci."

Kakan nawa sojan ruwa ne. Shekaru ya yi yana aiki a Legas, ita tana gida tana riƙe da yara da gona, a ƙauyen da ko rafi babu sai rijiya mai gaba ashirin. In ya zo hutu yakan zauna a tsakar gida da fararen kayansa yana ba ta labarin teku, ya ce ruwa ne da ba a ganin ƙarshensa, launinsa kamar ruwan baba a marina, kuma wata rana zai kai ta ta gani da idonta. Ya rasu bai kai ta ba. Wannan labarin na sha shi har na haddace. Ranar da likita ya sa Asabar a matsayin ranar aikin ido, ya gaya wa Baba gaskiya: ana fatan a tsare abin da ya rage, amma ba tabbas. Ya kuma ja kunne kada ta kamu da mura, don in ta kamu sai an ɗaga aikin, kuma idon ba ya jira. Baba ya so ya ɓoye mata, amma Inna ba a yi mata haka. Da muka dawo gida ta gama cin abinci, ta wanke hannu, ta ce, "Kai wannan, an ce akwai teku a ƙasar nan. Ka kai ni tun ina da abin gani."

Kuskuren Baba irin namu ne, na mutanen da suka san damina da rani kawai. Da mai gadin gininmu ya ji inda za mu, ya riƙe kai ya ce wa ke zuwa Iskandariyya a wannan watan, lokacin nawwa ne. Baba ya tambaye ni mene ne nawwa, na ce ruwa da iska yake nufi. Baba ya yi dariya. Shekara huɗu muna Alƙahira, abin da suke kira ruwan sama bai wuce yayyafin da ko ƙasa ba ya jiƙawa ba. Mu da muka san ruwan Agusta, in ji shi, za a tsorata mu da na Masar? Kuma a ina aka taɓa jin ruwa a watan Janairu? Mama ta zauna da ƙanwata jaririya, ta ɗaura mana dambun nama da dafaffen ƙwai, muka kama jirgin safe. Ni ina gefen taga ina faɗa wa Inna abin da ke wucewa: gonaki shar, baƙaƙen shanu masu faɗin ƙaho, jakuna ɗauke da ciyawa. Tana jinjina kai tana cewa mutanen nan sun iya noma. Tun daga rabin hanya sama ta fara haɗewa, Baba ya buɗe littafi ya yi kamar bai gani ba.

Duk da ruwan nan, wallahi garin ya burge ni. Muka shiga wani ɗan jirgin titi ruwan ɗorawa mai ƙararrawa, yana tafiya yana ƙugi a tsakanin tsofaffin benaye, har unguwar masunta. Ko'ina ƙarnin kifi da gishiri. An jawo kwale-kwale kan tudu an kife su, shuɗi da kore da ja, kowanne da suna a jikinsa. A can ƙarshen hanya ga ƙal'a, wani tsohon gidan yaƙi na farin dutse da aka gina a kan teku don tsare gari daga jiragen abokan gaba. A ciki akwai igwa, da ƙananan jiragen katako a cikin gilashi, da kayan da aka tsamo daga jiragen da suka nutse. Na ja Inna wurin wani ƙaton ƙarfe mai ƙugiya biyu da ake jefawa a ruwa don tsayar da jirgi, ta shafa shi tun daga sama har ƙasa, ta ce lallai mijinta ya taɓa ba ta labarin wannan. Amma abin da ya kawo mu babu shi. An hana hawa saman ƙal'ar saboda iska, kuma ko ni mai ido biyu in na leƙa ta taga, toka-toka kawai nake gani, ba a rarrabe sama da ruwa. Inna ta ce, "Maigida, ina yake?" Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, sai ka ce ni na ɓoye tekun.

Muna fitowa ruwa ya sake ƙarfi, muka faɗa wata rumfar masassaƙan jiragen ruwa. Wani dattijo mai farin gashin baki, da ake kira Ammu Sa'id, yana zaune kusa da gwangwanin garwashi yana goge katako. Ya dubi silifas ɗin Baba, ya dubi jallabiyar da ta manne masa a jiki, ya girgiza kai ya ce ma'alish, wato sannu, ya tura wa Inna kujerarsa, ya sa aka kawo shayi. Baba ya fara masa bayani da Larabcinsa na mumbari, dattijon ya juyo gare ni ya ce in fassara. Na gaya masa komai, har da alkawarin da aikin ranar Asabar. Da na kai wurin cewa mijinta sojan ruwa ne, sai ya ajiye katakon, ya miƙe tsaye ƙyam, ya sara wa Inna. Ashe shi ma a aikin sojan ruwa ya ƙare ƙuruciyarsa. Na gaya mata abin da ya yi, ta gyara mayafi ta ce in ce masa ta gode, kuma sojojin ruwa duk halinsu ɗaya, daɗin baki.

Nan fa aka yi ta. Baba ya dubi agogo ya ce khalas, shi ke nan, mu kama jirgin ƙarfe uku, Inna tana rawar sanyi, in ta kamu da mura shi ya jawo, kuma ba zai yafe wa kansa ba. Gaskiyarsa ce, idonsa har ya kawo ruwa. Ammu Sa'id ya fita bakin rumfa, ya daɗe yana kallon yamma, ya dawo ya ce su nan sun san waɗannan iskoki ɗaya bayan ɗaya tun kakanninsu, kowacce da sunanta da kwanakinta. Wannan ta kusa gajiya. Bayan la'asar za ta saki na ɗan lokaci, ba mai yawa ba. Baba ya ce in ba ta saki ba fa? Dattijon ya ɗaga kafaɗa. Inna ce ta raba gardamar, ko muryarta ba ta ɗaga ba. "Kai wannan, shekara arba'in na jira. La'asar ce za ta gagare ni?"

Muka zauna. Aka lulluɓe ta da bargo da wata rigar ruwa ruwan ɗorawa da ta sauko mata har ƙafa. Muka buɗe dambun naman Mama, masassaƙan suka ɗanɗana suna hura baki saboda yaji, su kuma suka sayo mana gasasshen dankali mai zafi. Aka yi la'asar a kan tabarma a tsakanin katakai. Muna sallamewa na ji rufin kwanon ya yi tsit. Ammu Sa'id ya ce yalla, mu je, ya wuce gaba, ya bi da mu ta bayan rumfunan zuwa wata katangar dutse da ke fuskantar buɗaɗɗen teku. Gajimare ya tsage ta yamma, rana ta leƙo.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na gani ba, kuma na daina ƙoƙari. Raƙuman ruwa ne suke tasowa layi-layi, kowanne ya fi katangar gidanmu ta ƙauye tsayi, su zo su daki duwatsu su fashe su yi sama, fari fat, rana tana haska su. Ƙasa har girgiza take a ƙarƙashin ƙafa. Na buɗe baki zan fara yi wa Inna bayani kamar yadda na saba, ta matse hannuna ta ce, "Yi shiru, ina gani." Ta saki hannun, abin da ba ta yi ba a kan hanya tun safe, ta dafa katangar da kanta. Feshin ruwa ya sauka a fuskarta, ta lasa leɓe ta ce da gaske gishiri ne. Can ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ta ce, "Ashe ƙarya ya yi mini! Ya ce shuɗi ne. Fari ne, kamar kayansa." Baba ya juya baya yana share fuska da jiƙaƙƙen hannun riga. Ta daɗe a tsaye har gajimare ya fara rufewa, sannan ta lalubo kaina ta dafa. "To Maigida, ka makara, amma ka kawo ni. Na yafe."

Baba ne ya kwanta da mura sati guda, Inna ko atishawa ba ta yi ba. An yi aikin ranar Asabar, ya riƙe mata idon wajen shekara biyu, daga nan hasken ya tafi gaba ɗaya. Ta koma ƙauye ta zama mai labarin teku. Mata sukan taru a ɗakinta, duk wanda ya ce mata ai teku shuɗi ne, sai ta ce ya je ya sake dubawa, ita da idonta ta gani. Ta rasu ina aji biyar a sakandare.

Bara na koma Iskandariyya ni kaɗai, a tsakiyar zafi, lokacin da masu hankali ke zuwa. Gari ya cika da iyalai, yara suna hawan igwa ana ɗaukarsu hoto, masu kwale-kwale suna kiran fasinja. Rumfar tana nan, Ammu Sa'id ba ya nan, ban kuma iya tambaya ba. Na tsaya a katangar nan. Teku ya kwanta lumui, shuɗi kamar yadda kakana ya faɗa. Na rufe idon hagu, na kanne na dama har komai ya yi dishi-dishi, in ga abin da Inna za ta gani da mun zo a rana irin wannan. Sama da ruwa suka haɗe suka zama abu ɗaya, babu komai. Da Baba ya ji maganar mai gadi, da Inna ta tafi ba ta ga teku ba.