Lasifikar Kan Darbejiya

Har yau idan aka kira ni haɗa kayan sauti a gidan biki, ko a Gumel ne ko Gagarawa ko Sule Tankarkar, ba na kunna komai sai na bi kowace waya da hannuna, tun daga bayan amfilifaya har inda ta ƙare. Abokan aikina sun mai da abin na tsokana. "Malam, allura ce ta faɗi?" Sai in yi dariya in ci gaba da rarrafena. Ba su san dalili ba, ni kuma ban taɓa gaya musu ba, don wallahi har yanzu in na tuna sai in ji kunya ta lulluɓe ni.

Babana shi ne ladanin masallacin unguwarmu a Gumel. Tun kafin a haife ni yake kiran salla, tun ana hawa 'yar matakalar ƙasa a kira da tsurar murya. Ɗinkin hula ne sana'arsa, amma duk unguwar ba mai ce masa mai hula, Ladan kawai ake cewa. Da girma ya zo muryarsa ta fara rawa, lasifika ce ta rufa masa asiri. Amfilifayar da batirin sola suna wani ɗan ɗaki a jikin masallacin, makullin kuma a hannunsa yake. In zai yi nisa sai ya rataye shi a ƙusa a zaurenmu, don ko ya makara a hanya wani ya ɗauka ya kira.

Ni ne ɗan fari. Wanda ya san gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi: Baba bai taɓa kama sunana ba. "Kai" ne, ko "ɗan nan". Tsakanina da shi gaisuwa ce da aike, shi ke nan. Ba ƙi ba ne, kunya ce irin ta manya, amma ni a lokacin na ɗauka tsanani ne. Ƙannena suna zama su yi ta zuba a gabansa, ni kuwa ko ruwa zan sha sai na juya baya.

Ina da shekara ashirin da biyar, ina kabu-kabu tsakanin Gumel da Maigatari, na ga fiyano a shimfiɗar wani ɗan Damagaram mai kayan gwanjo. Tsohuwa ce, har maɓalli ɗaya ya shige ba ya tasowa. Na taɓa, ta yi ƙara, shi ke nan zuciyata ta tafi. Na naɗe ta a buhu na ɗaure a bayan babur, na shigo da ita gida a kan cewa kayan wani fasinja ne. Ɗan ladan da fiyano? Haba! Ƙarƙashin gado ta zauna. In na dawo aiki sai in rufe ƙofa, in cusa abin kunne, in yi ta dannawa ni kaɗai nake ji. Wata biyar ina haka, kuma hannuna ya faɗa sosai. Ɗakina bango ɗaya ne da na Baba, amma na sakankance ba wanda ya sani a gidan.

Sai wani abokina mawaƙin biki, wanda shi kaɗai na gaya wa zancen fiyanon, ya tare ni a tasha. Makaɗinsa ya yi tafiya, ga shi yana da wunin biki a Gagarawa ranar Asabar, yana so in je in yi masa kiɗa.

"Ka taɓa haɗa ta da amfilifaya dai ko?" ya ce.

"Sau nawa!" na ce.

Ƙarya ce tsagwaronta. Ko sau ɗaya ban taɓa jin fiyanon nan a babbar sifika ba. Na sayi wayar da aka ce mini ita ake sawa, mai ƙaramin kai a gefe ɗaya da babban kai a ɗayan, na zauna ina juya ta. Ina zan gwada? In na je wurin masu hayar kayan sauti, kafin la'asar labari ya iso zaurenmu. In na tafi Gagarawa ban gwada ba, in ji kunya a gaban mata. Kwana biyu ina saƙawa ina kwancewa, idona kuma sai komawa yake kan ƙusar nan ta zaure.

Ranar Alhamis da hantsi dama ta samu, ko in ce Shaiɗan ya samu dama. Samari duk sun tafi kasuwar Maigatari. Dattawa kuma suna can ƙarshen unguwa, gindin wata babbar darbejiya, wurin sadakar ukun wani tsoho da ya rasu. Baba ya saɓa babbar rigarsa ya tafi. Na tsaya har ya sha kwana, na zare makullin, na ɗauko buhuna.

Na san lasifika biyu masallacin ke da su: ɗaya a kan rufi, ɗaya a ɗaure can kan darbejiyar nan don mutanen nesa su ji kira. A ciki kuma akwai sifikar akwati da Liman ke karatu da ita. Na tsuguna bayan amfilifaya na ga waya biyu: ɗaya ta hau sama ta huda rufi, ɗaya ta nufi akwatin. A lissafina, ta kan darbejiya daga ta rufi aka ja mata, don in ni ne haka zan yi. Na kwance ta sama na ajiye gefe. Na zare makirfo, na soka babban kai a raminsa, ƙaramin kuma a ramin abin kunne na fiyano. Har na yi wayo: na danne maɓalli ɗaya da dutsen da ake tokare ƙofa, na fita na ɗaga kai. Rufi shiru. Na dawo ina yaba wa kaina, na rufe ƙofofi da tagogi.

Da farko wata irin ƙara ta yi mai tsaga kunne, don ramin makirfo an yi shi ne don muryar mutum, fiyano ta fi ƙarfinsa. Na rage ta fiyano, na ƙara ta amfilifaya kaɗan-kaɗan. Sai ga sauti ya fito tas, ya cika masallacin, har ina jin sa a ƙirjina. Wayyo! Wata biyar ina jin abin nan a cikin kunnena kawai, yau ga shi a sarari. Na manta inda nake. Na saki kiɗan kalangun da ke cikinta, na ɗora na amarya a kai. Abin bai ishe ni ba, na mai da makirfo a rami na biyu na kama waƙa, ina yi wa amarya kirari ina kiran dangin ango su fito fili. Har guɗa na rangaɗa, ni ƙato, da makirfon da ubana ke kiran salla.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Ƙofa kawai na ga ta buɗe, haske ya shigo.

Baba ne. Yana haki, hularsa a karkace, takalmi ɗaya a ƙafarsa. Tun da nake ban taɓa ganin ya yi gudu ba. Ya wuce ni ya kashe amfilifayar, ya dafa bango har numfashinsa ya dawo. Ni kuwa yatsuna na kan fiyano, sun ƙi sauka.

"Har gindin darbejiya ake jin ka," ya ce.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Da ma mari ya ɗauke ni da shi, da na samu sauƙi. Ya miƙo hannu, na sa masa makullin, ya tsaya a bakin ƙofa har na tattara kayana na fita.

Daga baya Inna, mahaifiyata, ta ba ni sauran labarin, ba ta ko kallona. Liman ya ɗaga hannu ke nan ana addu'a, 'ya'yan mamacin na zaune, ga baƙi daga Sule Tankarkar, sai kalangu ya ɓarke a saman kansu. Mutane suka yi ta waige-waige. Da murya ta biyo baya ba wanda ya ƙara waigawa, don kowa ya gane mai ita. Duk suka sunkuyar da kai don kada su haɗa ido da Baba. Ya zauna har aka zo kan guɗar, sannan ya tashi.

Ranar bai kira azahar ba. Bayan an idar da salla, a gaban jama'a, ya ajiye makullin a gaban Liman.

"Malam, ba wanda ya ce ka kawo," in ji Liman. "Kuskure ne na ƙuruciya."

"Amana aka ba ni, na rataye ta a ƙusa," Baba ya ce. "A ba wanda zai riƙe."

Ina sahun baya ina ji, kamar ƙasa ta tsage in shige. Na bi gidan mamacin na durƙusa, na bi Liman, na bi mai unguwa. Kowa ya ce ya yafe. Na roƙi Liman ya mayar masa da makullin, ya kuma gwada har sau biyu, da kansa ya tako zaurenmu. Baba ya yi masa godiya, ya raka shi har bakin hanya, makulli dai ya koma aljihun Liman. Aka ba wani magidanci mai zaƙin murya. 'Yan tasha suka laƙaba mini makaɗin masallaci, wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne mutane suna ci gaba da ce wa Baba Ladan, yana amsawa, alhali wani ne ke kira.

Kada in yi muku ƙarya, Gagarawa na je. Wannan ma yana cikin abin da nake jin kunyarsa. Na je ranar Asabar ɗin, na yi kiɗa, mata suka yi ta rawa, daga nan sana'a ta buɗe har na ajiye kabu-kabu. Da ita na yi aure, da ita nake ci da iyalina. Baba bai taɓa cewa in bari ba, bai kuma taɓa tambayata ina za ni ba.

Shekara bakwai muka yi a haka. Yana riga kowa zuwa masallaci, ya zauna a sahun gaba yana jan carbi har a kira. Ni kuma kullum ina cewa gobe zan same shi in yi magana, goben ba ta zuwa.

Sai da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ya daina fita. Wata rana kafin azahar Inna ta tafi barka, aka bar ni da shi a zaure ina yi masa fifita. Na ga in ban yi yau ba, ba zan taɓa yi ba.

"Baba," na ce, "maganar ranar nan. Ka gafarta mini."

Ya gyara kwanciya.

"Wayar darbejiya ba ta rufi ta bi ba," ya ce. "Tare na murɗe ta da ta akwati, ta sauka ƙarƙashin tabarma ta fita ta gindin bango. Ni na binne ta da hannuna har can. Da ka tambaye ni da na nuna maka."

"Baba, ai ban san ka san ina da abin ba."

"Kai ɗan nan," ya ce, har da ɗan murmushi. "Wata biyar ina jin ƙwas-ƙwas ɗin yatsunka ta bango. Na ce in ya tashi zai zo ya gaya mini. Ni ma da na yi magana."

Hawaye suka zubo mini, na sunkuyar da kai ina ta fifita kamar ita aka aiko ni yi. Ya dubi inuwar da ke bakin zaure ya ce, "Lokaci ya yi." Bai rufe baki ba lasifika ta ɗauka.

Na ga leɓɓansa suna motsi, na ɗauka amsa kira yake kamar kowa. Na matsa kusa. Da mai kira ya zo kan "Hayya alas-salah", inda mai sauraro ke amsawa da lahaula, sai na ji Baba bai yi lahaula ba. Yatsansa na kan kunnensa. A hankali, da muryar nan tasa mai rawa, yake cewa, "Hayya alas-salah." Kiran yake yi, kuma ni kaɗai nake jin sa.