Waken da Maharbi Ya Shuka wa Barewa

A unguwar Hindawiyya ta Makka na buɗe ido, a wani gida mai hawa uku cikin lungun da ko taksi ba ta iya shiga. In ɗan sanyin Makka ya leƙo, kakarmu takan sa a hau mata da kaskon gawayi saman bene bayan isha'i, ta ɗora butar shayi, mu kewaye ta. Mahaifiyar Babanmu ce, tun tana budurwa ta baro ƙasar Kano ta hanyar Sudan. Mu da muka tashi cikin 'ya'yan Larabawa mukan ce mata Sitti, wato kaka a bakinsu, ita kuwa ta harare mu. "Sittin ɗin wa? Na wuce sittin tun ba a haife ku ba. Ku ce Kaka."

Shekarar da nake nufi gidanmu ba daɗi. Baba ya mari yayanmu Bashir a shago, gaban mutane, saboda ya makara. Bashir ya ɗauki jakarsa ya koma unguwar Shisha wurin abokansa. Wata huɗu ba mu sa shi a ido ba. Baba kullum cewa yake zai je ya jawo shi da kunne, sai ya durƙusa ya ba da haƙuri. Ni ina 'yar shekara tara, kuka nake a ɓoye, don tsorona kada ya tafi ke nan.

Wata ranar Alhamis Baba ya hawo shan iska, ya zauna can gefe da carbinsa. Sai Kaka ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. "Ga ta nan, tun daga gida ta taso, ku matsa mata." Muka ce, "Yalla, ta zo mu ji ta."

Wai wani maharbi ne ya ga wata barewa, ya rantse sai ya same ta. Ya bi ta da karnuka, ya bi ta da ƙafa, duk inda ya nufa ta riga shi. Da ya gaji, sai ya jingine baka ya ɗauki fartanya. Ya zaɓi wani wuri a bakin daji, nesa da hanyar mutane, kusa da tafki. Bai share ciyawar gefe ba, don barewa ba ta cin abinci inda babu wurin ɓuya. Ya shuka wake kashi uku, tsakaninsu kwanaki, in wani ya bushe wani yana ɗanye. Ya zuba kanwa a gindin kututture don ta lasa. Sannan ya duba inda iska take fitowa, ya yi wa kansa mazauni ta inda warinsa ba zai kai mata ba.

"Damina ta farko," in ji Kaka, "fari suka ci. Ta biyu, sawu kawai ya gani. Bai bi sawun ba. Ta uku, da hantsi, sai ga ta."

Na yi wuf na ce, "Sai ya harbe ta?"

"Ke, rufe mana baki! A Makka muke. Nan ko tantabara ba a tsorata ta. Ni ko a tatsuniya ba na zubar da jinin barewa a garin nan."

"To me ya samu, Kaka?"

"Ya gan ta mana. Tana ci, yana kallo."

Wallahi haushi na ji. Damina uku a banza! Amma daga can gefe sai Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Inna, na ji."

"Ai ba da kai nake ba, Alhaji. Sai dai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Taurin kan nan a gida ya same shi."

Baba bai je Shisha ba. Ita kuwa Kaka kowace Juma'a ta kama yin ɗanwake da man gyaɗa da yaji, abincin da Bashir yake mutuwar so. Ba ta aika masa ya dawo ba. Wani maƙwabcinmu mai taksi kawai ta gaya wa, ya faɗa masa ana ɗanwake ran Juma'a, kuma Alhaji ba ya shigowa sai la'asar. Takan rufe kwano ta ajiye a ƙasan matakala, kusa da ƙofar waje. Juma'a biyar ni nake dawo da shi cike. Ta shida na tarar da shi wayam. Na ruga da gudu zan leƙa lungu, Kaka ta cafke min hannu ta ce in zauna.

Bayan mako biyu kwanon bai sauka ƙasa ba, a tsakar ɗaki ta ajiye shi. Bashir ya hawo. Ya rame. Ba wanda ya ce masa ina ka shiga. Yana cikin ci sai ga takun Baba, ranar ya dawo da wuri. Bashir ya ƙame da loma a hannu. Baba ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa. Sannan ya wanke hannu, ya zauna gefensa, ya ce, "Matsa min." Suka ci kwano ɗaya. Can Baba ya goge ido da bayan hannu ya ce, "Inna, yajin nan naki ya yi yawa."

Na girma kafin na daina ganin maharbin nan a matsayin wanda ya yi asara. Sai da na haifi nawa, na ji yadda zuciya take tafasa tana son ɗa ya sunkuyar da kai, sannan na san nauyin abin da Baba ya haɗiye ran nan. Ban-haƙurin da ya yi wata huɗu yana jira bai taɓa samunsa ba, bai kuma sake nema ba. Amma da ciwo ya kwantar da shi, shekara uku Bashir yana ɗaga shi yana kwantarwa, kuma da ranar ta zo, hannun Bashir ne ya sa shi a kabari.