Kifayen da Lorna ta Bari

Shekara talatin Delmar Prevatt yana raba wasiƙu a garin Pensacola, kifi kuwa sai a faranti ya san shi. Matarsa Lorna ce ke kiwon 'yan kifayen teku masu ƙahonni a tankin gilashi. Da ta rasu, kifi biyu kaɗai suka rage, mace da namiji, Delmar ya yi alkawarin irinsu ba zai ƙare a hannunsa ba.

Sai namijin ya shige wani kwanson katantanwa da ke cikin tankin ya ƙi fitowa. Kwana huɗu Delmar na zaune gaban gilashin.

"Tsoho, kifin ya ɗauko halinka," in ji maƙwabcinsa Hoyt. "Kai a ɗaka, shi a rami."

Delmar bai yi dariya ba. Ya naɗe hannun riga zai ciro kifin ya yi masa magani. Yana karkata kwanson, sai ga ƙwai jere a ciki, namijin na yi musu fifita. Ya mayar da shi a hankali.

"Ashe gadi yake," ya ce. "Lorna ba ta gaya mini uban ne ke raino ba."