Jar Masarar Gidan Su Laouali

Laouali mutumin Maradi ne. Ban ruwa yake yi a lambun wani ofishin jakadanci a Riyad, ya koma ɗakin haya a unguwar Gubaira. Ya daɗe yana wahala da furannin da ko akuya ba za ta kalla ba, alhali shi ɗan manoman fadama ne. In ka zauna da shi, ko zancen iƙama, takardar izinin zama, kuka faro, a masara za ku ƙare.

Masarar gidansu ce, ja, gajera, mai saurin nuna. Da ambaliya ta cinye fadamar, 'yan'uwa suka watse, irin da ya saura a duniya shi ne wanda ya taho da shi a gwangwanin madara. Duk shekara yakan shuka kaɗan bayan tankin ruwa don kada ya mutu, har kafilinsa, uban gidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya hana.

'Yarsa Delou dakta ce, tana bincike a wata jami'a can arewacin duniya, inda ƙanƙara ke rufe gona tun masara ba ta bushe ba. Mai saurin nuna suke nema ruwa a jallo. Da ta biyo ta Riyad ta roƙi kaɗan, sai kan Laouali ya kumbura, ya miƙa mata gwangwanin ɗungurungum, bai gaya mata shi ke nan ba. Kowane manomi ya san mai ba da iri yana rage na gida. To, wa zai tuna wa uban dakta?

Tun bara muryar Delou ta sake. Masu ba da kuɗin binciken sun janye. Aka sallami ma'aikata, aka bar gonar gwaji ba shuka.

Rannan da hantsi, yana tsakiyar ban ruwa, ta kira.

"Baba, za su kashe ɗakin sanyin da ake ajiye iri. Irin da ya shigo daga waje ba a fitar da shi, ƙonewa za a yi."

"Ki ɗebo ko tafi ɗaya mana, ɗiyata."

"In aka kama ni, korata za su yi. Amma ai ka rage wani a wurinka, ko?"

Tiyo na hannunsa, ruwa na malala kan takalminsa. Ya san halinta sarai. In ya faɗi gaskiya, sai ta ɗebo.

"Akwai," ya ce. "Halas, zance ya ƙare, ki bar musu."