Batir Ɗaya, Mota Biyu

A'a, ku dakata. Duk wanda ya rubuto "gwangwani" a ƙarƙashin hoton tsakar gidan Kawuna, ya dawo ya zauna, ban gama da shi ba. Mutum ya ga mota biyu a ajiye, ɗaya a kan bulo, ɗaya kaji na hutawa a ƙarƙashinta, shikenan ya yanke hukunci: wai tsoho ne malalaci, ya tara tarkace ya kasa gyarawa. Wani har da ba da shawara, wai a sayar da ɗaya a gyara ɗaya, kamar shi ne mutum na farko da wannan dabarar ta faɗo wa a duniya. Kun yi kuskure dukanku. Kawu bai kasa gyara ba. Kalma ɗaya ce ta hana motocin nan fita, kuma kalmar ita ce aro.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Direban gidan burodi ne tun yana saurayi, shi ke zagayawa shaguna yana sauke kaya kafin ɗalibai su fito makaranta. Har yau a layinsu Direba ake ce masa, ko da yake ya daɗe da ajiye aikin. Da gidan burodin ya rufe, sai aka bar masa akori-kurar da yake ja, fara mai dogon baya. Ita ce Doguwa. Ɗayar kuwa ƙaramar motar gida ce shuɗiya, ta wani maƙwabcinsu da ya tashi ya bar ta saboda ta ƙi tashi ranar kwasar kaya. Kawu ya sa aka turo ta gida, ya sa mata suna Hajiya, wai don ita ba ta ɗaukar kaya, sai dai a ɗauke ta.

Abin da ba ku gani a hoto ba shi ne, kamfani ɗaya ya ƙera su. Uwa ɗaya uba ɗaya, in ji Kawu. Injinsu iri ɗaya ne, abin da ya shiga wannan zai shiga waccan. Kuma tsakanin su biyun, kayan mota ɗaya ne cif masu lafiya. Kafiretar Hajiya kalau take, ta Doguwa ta mutu. Lagireton Doguwa ba ya yoyo, na Hajiya kamar rariya. Tayoyi masu kyau suna ƙafar Hajiya. Batir kuwa ɗaya ne tal.

Wani bakaniken da tuni ya farke ɗaya ya cika ɗaya. Kawu ba ya farkewa. Da safe zai shimfiɗa tsohon buhu, ya jera sifanoninsa, ya zuba fetur a gwangwanin madara na wankin noti, sannan ya dafa bonet ɗin Hajiya ya ce, "Hajiya, a ara wa 'yar'uwarki kafireta, zuwa anjima." Zai kwance, ya ɗaura wa Doguwa, ya tayar da ita. Ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta kama. Ya tsaya yana sauraron injin da kansa a karkace, yana murmushi shi kaɗai. Kafin rana ta faɗi kuma ya kwance komai ya mayar inda ya ɗauko.

Na taɓa ce masa, "Kawu, to ka bar ta a jiki mana, tunda ta tashi."

Ya dube ni kamar na ce ya shiga gidan mutane ya yi sata. "Aro na ce mata. Wanda ya ara ai mayarwa yake yi."

"Mota ce fa, Kawu. Ba ta ji."

"Ni ai na ji."

Haka ake ta yi shekara da shekaru. Yau Doguwa ta tashi, jibi Hajiya ta tashi, babu wadda ta taɓa leƙa bakin ƙofa. Kuma babu wanda abin ya dama, sai da iyalin Yaya suka ƙaru.

Yaya shi ne babban ɗan Kawu, yana zaune a gidan da matarsa da 'ya'yansu, ɗaki ɗaya ya yi musu kaɗan. Ya kawo magini, magini ya auna tsakar gida ya ce filin mota ɗaya yake buƙata, ko wacce ce, wadda ta rage a tura ta gindin bishiya. Yaya mutum ne mai ladabi, sai da ya durƙusa sannan ya yi magana, amma maganar ba ta da laushi.

"Baba, ɗaya za ta fita. Ko ta fita da ƙafarta, ko 'yan gwangwan su fitar da ita. In ta tashi, ga bakin ƙofa nan, ta riƙa kwana a can."

Kawu ya san abin da ake nufi. Motar da za ta fita titi ba za ta yi yawo da kayan aro ba, a dawo da yamma a kwance. Dole ɗaya ta ba da komai nata, ta zauna fanko. In kuma ya ƙi zaɓa, masu guduma ne za su zaɓa masa.

Labari ya kai bakin layi, abokansa biyu suka iso ba a kira su ba. Mai Walda, wanda kullum gilashinsa baƙi yana saman goshi, da Mai Rewaya, mai gyaran wayoyin mota, wanda ba ya iya magana sai yana nuna mutum da sukudireba. Suka zauna a kan benci, aka kawo shayi, aka buɗe shari'a.

"Doguwa mana, Direba, har sai an tambaya?" in ji Mai Walda. "Ita za ta ɗebo yashin ginin ma. Waccan me za ta ɗauko? Kwalliya?"

"Kai dai ka ga ƙarfe mai tsatsa kana neman aiki," in ji Mai Rewaya. "Bayan Doguwa duk ya cinye, in ka zuba yashi a nan, kafin a iso gida an yi wa titi rabo. Dubi Hajiya, ko lotsawa babu."

"Jiki ba ya tafiya, inji ke tafiya."

"Injin ai ɗaya ne, sarkin ilimi."

"To tunda ɗaya ne, a sa shi inda zai yi amfani, ba inda zai je gaisuwa ba!"

Kawu yana ta juya cokali a kofi. Can ya ce, "Ku kuna maganar wadda za ta tashi. Ni wadda za ta kwanta nake tunani."

Mai Walda ya sauke gilashinsa ya sake mayarwa.

Kwanaki Kawu yana zagaya motocin nan, ba ya kwance komai. Ya shiga Doguwa ya riƙe sitiyari. Wurin da tafin hannunsa ya saba kamawa har ya yi santsi. A cikinta ya yi ƙuruciyarsa, ya san kukan kowane noti nata. Sai ya fito ya tsaya kan Hajiya, ya goge gilashi da hannun riga. Ranar da aka turo ta gidan, a gaban kowa ya yi wa matarsa alkawari cewa da ita zai riƙa kai ta unguwa, ta huta da hawan bayan babur. Matar tasa ita muke ce wa Inna, kuma yanzu gwiwoyinta ba sa son tsayi, balle hawa akori-kura.

Wata rana da la'asar ina gidan, ya yanke shawara. Ya sa riga mai tsabta kamar mai zuwa neman alfarma, ya nufi gindin bishiya. Inna tana inda take kullum a wannan lokacin: kujerar bayan Hajiya, ƙofofi biyu a buɗe iska na ratsawa, ƙafafunta a miƙe kan ɗan matashi, tana tsintar wake a tire, rediyon motar na magana ƙasa-ƙasa. Shi ya sa duk aron da za a yi, batir yana komawa jikin Hajiya kafin la'asar. Jikoki sun san doka: in Inna ta shiga mota, ko kuka za ka yi sai dai ka yi shi daga nesa.

Kawu ya gyara murya. "Innar yara, na gama shawara. Hajiya za a tayar. Alkawarin da na yi miki zan cika."

Na zaci za ta yi guɗa. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Wa ya aike ka?"

"Kamar yaya wa ya aike ni? Ba ke na ce zan riƙa kaiwa unguwa ba?"

"Unguwar wa? Duk wadda nake zuwa gidanta a layin nan take, da ƙafa nake zuwa. In ka tayar da ita, ina za ta kwana?"

"Bakin ƙofa."

"To ni a bakin ƙofa zan riƙa tsintar wake, duk mai wucewa yana leƙe na? Da rana kuma kana can kana yawo da ita, kai da abokan shiriritarka, ni ina zan zauna? Direba, gidan nan kaf ɗaki ɗaya gare ni da ba a bin ni ciki, shi ne kake so ka sa wa taya ya gudu?"

Shekarun nan duk Kawu yana ganin mota ce ke jiran gyara, ashe falon Inna yake wa hidima.

"Amma in Doguwa za a tayar," ya ce a hankali, "sai fa an kwashe kayan Hajiya duka. Kafireta, tayoyi, har fitilu. Fanko za ta zama."

"Da kafireta nake zama? Ka bar min kujerata, da ƙofofina, da rediyona. Sauran ka kwashe."

Ya dafa bonet. Na san abin da ke cin sa, ita ma ta sani.

"To aro ne, ko kyauta?"

Sai a lokacin Inna ta ɗago ta dube shi. "Kyauta. Na ba ta, duniya da lahira, kada ka ƙara tashi kana mayarwa. Batir ne kawai aro. Shi kam kullum la'asar ina son abina."

Wallahi na ga kafaɗun Kawu sun sauka. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya juya ya ce da motar, "Kin ji dai, Hajiya, ba ni na ce ba, mai ɗakin ce ta bayar."

Aiki ya kankama. Mai Walda ya toshe bayan Doguwa yana ta cika baki, Mai Rewaya ya haɗa fitilu yana cewa shi dai an zalunci Hajiya. Aka ɗora Hajiya a kan bulo, Inna ta sa aka daidaita tsayin yadda gwiwarta za ta ji daɗin shiga. Ranar da Doguwa ta fita, sai da ta mutu sau ɗaya a tsakiyar ƙofa, jikoki suka yi ihu, Kawu ya leƙo ta taga ya ce kunya take ji, ta daɗe ba ta ga mutane ba. Ya sake murza makulli ta kama. Ita ta ɗebo yashin ɗakin Yaya, da bulo, da kwanon rufi. Ko ƙwaya ba ta zubar a titi ba, Mai Walda ya ce a gaya wa Mai Rewaya.

Saura batir. Yaya ya ga mahaifinsa kullum yana dawowa, ya buɗe bonet, ya kwance batir mai nauyi, ya rungumo shi zuwa gindin bishiya, da safe kuma ya mayar. Tausayi ya kama shi, ya sayo sabo fil ya kawo wa Inna, ya ce a ɗaura wa Hajiya kowa ya huta. Inna ta sa masa albarka sosai. Washegari ta aika da batirin shagon Mai Rewaya ta ce a ajiye mata, wai yana sa rediyo ƙara da yawa.

Na same ta a mota na ce, "Inna, batir ba ya ƙara wa rediyo murya fa."

Ta matsa min na zauna, ta miƙo min tire. "Mutumin da ya shekara nawa ba shi da mota, yanzu ya samu. Kowa a garin nan abokinsa ne, kowa yana da kayan da za a kai masa wani wuri. In kowace mota tana da batirinta, me zai dawo min da shi gida da la'asar?"

Muna cikin haka muka ji kukan Doguwa a bakin ƙofa. Sai ga Kawu rungume da batir, riga duk baƙin mai, yana cewa a yi haƙuri ya ɗan makara, layin ne ya cushe. Ya ɗaura, rediyo ya kama. Ya zagaya ya zauna a kujerar direba ta motar da ba ta da taya, ya kwantar da kujerar baya kaɗan, Inna ta ce ya kula da ƙafarta.

Har yanzu in an tambaye shi, cewa yake Doguwa ce dai aka fara gyarawa, Hajiya na nan tafe. Inna kuwa ta ce duk wanda ya kawo wa motar nan taya, shi da ita ne.

To, masu cewa gwangwani, ga ku ga fili. Wacce ce gwangwanin, wadda ke ɗebo yashi ko wadda Inna ke ciki? Kuma ku da kuke karantawa kuna wucewa shiru, na san akwai mai irin Kawu a gidansu, da keken ɗinki ko babur da aka ce gobe za a gyara. Kada wanda ya danna min alamar dariya ya gudu. Ku buɗe baki ku faɗa min: a nemo wa Hajiya taya, ko a bar wa Inna ɗakinta?