Saukowata daga dutsen bayan Roni

Ga ni tsaye a kan falalen dutse, takalmin fata na zamewa, iska ta cika babbar rigata. Likita ne ya ce in riƙa tattaki, aka ce hanyar nan ba wuya. Ashe hawan ake nufi.

Taubashina Malam Idi ya ƙwalo daga ƙasa: "Alhaji, zauna ka sulalo!"

"Ba ka ga mijin 'yata na noma a gindin dutsen ba?"

"To, karye ƙugunka cikin mutunci."

Na leƙa ƙasa. Sai na naɗe riga, na zauna, na sulalo ina salati. Surukin nawa ya duƙufa kan fartanyarsa, bai ɗago ba har na gama kakkaɓe wando.

Jama'a, ya gani ko bai gani ba?